Askin Rabin Kai

Yaya ya kashe injin aski, ya hure gashin da ya maƙale a haƙoransa, ya kwance ƙyallen da ke wuyan Tela ya kaɗe.

"To, maƙwabci, ɗaga ido ka ga aiki."

Tela ya ɗaga ido ya dubi madubi. Gefen dama na kansa ya fito tsaf, an rage gashin daidai wa daida, an ja layin goshi kamar da awo. Gefen hagu kuwa yana nan yadda ya baro gida da shi, furfura a hargitse har ta soma rufe kunne. Wanda ya ɓullo masa ta dama zai ce ango ne, wanda ya zo ta hagu kuwa sai ya tambaye shi jiki.

"Kai, Yaya!" in ji Tela, yana karkata wuya. "Hannun nan dai bai manta ba. Ko da can ba ka taɓa fito da ni haka ba."

Bai rufe baki ba Auta, ƙanin Yaya, ya iso da tawul ya yafa masa a ka. "Taso, Tela, in wanke maka."

A gefen hagu na shagon akwai labule, bayan labulen kuma ɗan lungu ne mai famfo da kujerar roba. Auta ya buɗe famfo har ƙarshe, ya ƙara wa rediyo murya, ya zaro wani ƙaramin inji mai batir daga ƙarƙashin tawul. Ya shiga cike rabin da Yaya ya bari, yana kwaikwayon hannun Yaya don kada gefen ya fi gefe.

"Yau ko tsakiyar kai bai kai ba," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Yi aikinka, yaro," in ji Tela, shi ma da raɗa. "Mutum ya leƙa kabari ya dawo, kai kana maganar tsakiyar kai. Yi sauri, na bar riga a bakin keken ɗinki."

Da suka fito, kan Tela a jiƙe, Yaya ya bi shi da kallo yana murmushi har ya fita. Murmushin nan shi ne abin da Auta ya fi so a duniya, kuma kwanan nan shi ne abin da ya fi tsoro.

Duk layin Yaya suke ce masa, har waɗanda suka haife shi, domin tun Auta yana ɗan mitsitsi yake bin sa shago yana kiran Yaya, Yaya, har sunan ya bi shi. Mahaifinsu ya rasu Auta bai san kansa ba. Yaya ne ya ciyar da shi, ya sa shi makaranta, da karatun ya ƙi kuma ya ja shi shago. Ranar da ya fara ba shi inji, bayansa ya tsaya ya ɗora hannunsa a kan nasa, suka bi kan wani bawan Allah mai haƙuri tare. Dokarsa guda ce, kuma Auta ya sha ranƙwashi a kanta: ba a sallamar kai sai an juya kujera an duba shi ta kowane gefe. Yanzu Auta ya yi gemu, yana da tasa kujerar da nasa masu zuwa, amma har yau bai taɓa ce wa Yaya ka yi kuskure ba. Bakinsa ma bai san yadda ake haɗa maganar ba.

Allon shago ne ya jawo abin. Iska ta karkata shi, Yaya ya ari tsani ya hau zai gyara, ƙafar tsanin ta zame a kan siminti. Da gefen kansa na dama ya sauka a bakin dakali. Jini ya taru a cikin ƙoƙon kai, aka yi masa tiyata aka kwashe, ya yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba. Da ya farfaɗo ya gane matarsa, ya gane 'yarsa, ya tambayi Auta ko ya rufe shago da kyau, sai kowa ya yi hamdala aka ce an tsallake.

A hankali aka gano abin da faɗuwar ta tafi da shi. In an ajiye masa faranti, rabin dama yake cinyewa ya ce ya gama. In ya zo wucewa, sai kafaɗarsa ta hagu ta daki ƙofa, ya juyo yana faɗa, wai wa ya matsar da ita. In ka tsaya ta hagunsa kana magana, sai ya riƙa neman ka ta dama. Ƙafar hagun ma jan ta yake yi kaɗan.

Likitar da ke yi masa horo, wata doguwar mata mai magana a tsanake, ita ta zaunar da Auta da matar Yaya ta yi musu bayani.

"Idanunsa lafiya lau suke," ta ce. "Wurin da ya bugu a ƙwaƙwalwa shi ne mai tuna wa mutum cewa akwai hagu. Kai ma ai ba ka ganin bayanka, amma ka san akwai baya, shi ya sa kake waigawa. Shi kuwa ya manta da akwai hagu, don haka ba ya waigawa. Kuma bai san ya manta ba, nan ne wahalar take."

"Ana warkewa?" in ji matar Yaya.

"Ana samun sauƙi sosai, amma sai da horo, kuma sai shi da kansa ya yarda akwai abin da yake bari. Ku taimake ni da abu ɗaya. Duk lokacin da ya bar wani abu, ku nuna masa. Kada ku gyara a ɓoye."

Auta ya gyaɗa kai har sau uku a ranar. Gyaɗa kai ba wuya.

Horon kansa ba wani abin a zo a gani ba ne, shi ya sa Yaya ya raina shi. Za a liƙa jan tef a gefen tebur na hagu, a ce ya riƙa juya kai har sai ya ga ja. Za a baza masa murafen kwalba a ce ya tattara duka. Babban mutum mai iyali, a ce yana tsintar murafe a gaban mata. Yana zuwa dai, amma yana dawowa da fuska a murtuke.

Ranar da ya koma shago, layin gaba ɗaya ya taru. Auta ya riga ya taka ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar Yaya ya kulle ta, don Yaya jingina yake da ita saboda ƙafar, kada ta juya ta kayar da shi. Reza da gyaran gemu an bar wa Auta, Yaya bai yi musu a kan wannan ba. Tela ne ya yi ta maza ya fara zama. Yaya ya tsaya a bayansa, ya kunna inji, ya fara aski. Da ya kwance ƙyalle ya ce ya gama, shagon ya yi tsit. Kowa yana kallon rabin kan Tela, kowa kuma yana kallon fuskar Yaya, wadda hawaye ya cika ta don murna. Wa zai iya faɗa masa? Tela ya yi gyaran murya ya ce hannu bai manta ba. Auta ya rarumi tawul.

Shi ke nan, abin ya zama tsari. Babu wanda ya kira taro, amma kafin sati ya zagayo kowa ya san ka'ida: ka zauna, ka yaba, a rufa maka tawul, ka shiga bayan labule. Mutanen layin kara suka yi, kuma har ga Allah da zuciya ɗaya suka yi ta. Sai dai kara ba ta san inda ake tsayawa ba.

Da farko Yaya ya soma tsallake ranakun asibiti. Daga baya ya daina zuwa ɗungum.

"Likita ta ce wai ba na lura da hagu," yakan faɗa wa duk wanda ke kan kujera. "To ta zo shago ta gani. Kawuna nawa na aske tun da na dawo? Wa ya taɓa dawowa da ƙorafi?"

Mai zaune a kujera sai ya ce, "Babu, Yaya," yana kallon cinyarsa.

Kullum da safe Auta ke biya masa su tafi shago tare, yana tafiya ta hagunsa, yana tare masa turakun lantarki da bakin kwata ba tare da ya nuna yana tarewa ba. Ran nan ya shiga gidan ya tarar Yaya na wanka, matarsa na tsaye a ƙofar kicin. Da can da tsokana take tarbarsa, ta ce ga gwauron gida ya biyo ƙamshi. Yau ko gaisuwarsa ba ta amsa da kyau ba.

"Ya samo makullin babur," ta ce.

"Ba kin ce ya ɓace ba?"

"A cikin tukunyar da ba na girki da ita na ɓoye. Jiya ya juye mini kicin har ya same shi. Ya ce ran Litinin shi zai kai yarinya makaranta, kamar da."

Hanyar makarantar Auta ya san ta. Akwai mararraba biyu, akwai kuma kwanar da manyan motoci ke fitowa daga ma'ajiyar kaya, kuma ta hagu suke fitowa.

"Anti, ki hana shi mana."

"In hana shi?" Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na yi magana har bakina ya gaji. Na yi kuka, na yi fushi, na kira masa likita a waya ya ƙi karɓa. Ni abin da aka ce in yi ina yi. In ya cinye rabin faranti, a gabansa nake juya shi in ce ga saura. Ka san me yake cewa? Wai na ƙara masa ne da ya kau da kai. In ya daki ƙofa, ƙofar ce ƙarama. Kome yana da amsarsa, kuma amsar ƙarshe kullum ɗaya ce: ki je shago ki tambaya. Ya ce mutumin da ke aske kan jama'a ba kuskure, shi ne zai kasa riƙe babur? Ya ce ni matsoraciya ce."

Auta ya sunkuyar da kai yana kallon takalman makarantar yarinyar da aka jera a bakin ƙofa.

"Ku ne hujjarsa, Auta. Kai da tawul ɗinka. Ni na san don ƙauna ka yi, ban ce ba ka son sa ba. Amma 'yata ce za ta hau bayan babur ɗin nan, kuma shi ma mijina ne, ba na so a sake kira na asibiti."

"Anti, ta ina zan fara? Yaya ne fa."

"Ni ma ai ba ƙanina ba ne, nake faɗa masa."

Ƙofar banɗaki ta buɗe, maganar ta mutu.

A hanya Auta ya shirya maganar tsaf a cikinsa. Ya buɗe baki a bakin titi, sai ya ji kansa yana cewa farashin hoda ya tashi. Ya sake gwadawa da suna buɗe shago, sai ya ɓige da tambayar ko a sayo sabon buroshi. Ya ji haushin kansa ƙwarai. Ga shi ƙato, yana iya yi wa mai gidan haya tsawa, amma kalma huɗu sun gagare shi.

Ranar Asabar Yaya ya sa aka turo masa babur ɗin zuwa ƙofar shago, ya ce zai wanke shi da kansa. Ya ɗebo ruwa a bokiti, ya tsuguna ta baya yana 'yar waƙarsa, ya goge madubi, ya goge tanki, ya bi bututun hayaƙi da tsumma har yana ɗaukar ido. Ya miƙe ya ja da baya yana kallon aikinsa.

"Auta, zo ka ga amarya."

Auta ya fito. Gefen dama na babur ɗin yana ƙyalli. Gefen hagu kuwa dattin watanni na nan a kansa, har da saƙar gizo-gizo a jikin madubin, wanda ya karkace yana kallon ƙasa. Hannun Auta ya tafi da kansa zai ɗauki tsumman ya ƙarasa. Ya kama kansa a tsakiya, ya tsaya yana kallon madubin nan da ba wanda zai duba. Maganar Anti ta dawo masa, wai in an juya faranti Yaya cewa yake an ƙara. Gaskiyar Yaya ce ta wani ɓangaren, abinci ana iya ƙara shi. Amma akwai abin da ba mai iya ƙarawa cikin ƙiftawar ido, kuma Yaya ya fi kowa sani.

Bayan azahar layin ya yi shiru, masu aski suka ɗauke ƙafa. Auta ya tura ƙofar gilashi ya sa sakata. Abin da za a yi ba na idon jama'a ba ne. Ya zo ya zauna a kujerar Yaya.

"Yaya, a taimaka wa yaron shago da aski."

Yaya ya ajiye kofin shayinsa, fuskarsa ta washe. "Yau kuma? Ai na ɗauka ka fi ƙarfin hannuna. Tun da na dawo wajen wasu kake kai kanka, kana tsammanin ban sani ba. Wane iri?"

"A kwashe duka. Ƙwal."

"Ƙwal? Wata ce ta ce ba ta yi da kai?"

"Zafi ne ya dame ni."

Yaya ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya, ya shafa wa haƙoran inji mai, ya kunna. Sanyin ƙarfen ya sauka a goshin Auta ta dama, ya yi baya a hankali. Hannun kam bai manta ba, Tela bai yi ƙarya a nan ba. Taushinsa na nan, da yadda yake lanƙwasa kunne da ɗan yatsa kada inji ya taɓa shi. A madubi Auta yana ganin tabon tiyatar a kan Yaya, lanƙwashe kamar lauje, inda gashi ya ƙi fitowa.

"Ka tuna askinka na farko a kujerar nan?" in ji Yaya. "Sai da na ɗora ka a kan katako kafin ka kai madubi. Ka yi ta ihu kamar ana yanka ka. Uwata ta fi ka jarumta, ita ko allura ba ta kuka." Uwata yake ce wa 'yarsa. "Jiya ta ce mini, Baba, yaushe za ka dawo kai ni? 'Yan ajinsu sun ce babanta ya zama gurgu. Litinin za su gani."

Auta ya bi gashin da ke zuba a kan ƙyallen da ido.

Injin ya yi shiru. Yaya ya ɗauki buroshi ya kaɗe masa ƙeya, ya kai hannu zai kwance ƙyalle.

"Tas. Tashi ka je ka wanke, tunda wankin kai ya zama yayi a layin nan."

Auta bai tashi ba. Ya riƙe hannuwan kujerar gam.

"Yaya, ba ka gama ba."

Maganar ta fito siririya, kamar ba tasa ba. Yaya ya tsaya.

"Me ka ce?"

"Ba ka gama ba. Akwai saura."

"Kai ma?" Muryar Yaya ta canza. "Ita ta turo ka ko? Dubi madubi, yaro. Ina sauran yake? Ni za ka koya wa aski?"

Auta ya duba. A madubin rabin kansa fata ce tas, rabi kuma baƙin gashi cunkus, layi ya raba su tun daga goshi. Yaya ma madubin yake kallo, da idanu biyu lafiyayyu, kuma abin da yake gani kai ne askakke.

"Dafa teburin, Yaya. Zan saki kujera."

Ya laluba da ƙafa ya taka ƙarfen. Kujerar ta yi ƙara, ta saki, karo na farko tun dawowar Yaya. Auta ya tura ƙasa da ƙafafu, ya juyo a hankali har suka fuskanci juna. Gefen da ke hagun Yaya ɗazu yanzu ya dawo damansa.

Yaya ya buɗe baki zai ci gaba da faɗa, sai bakin ya tsaya a buɗe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa hannu ya taɓa gashin da yatsu, ya cusa su ciki, ya damƙa ya ja. Auta ya runtse ido don zafi, amma bai motsa ba.

Yaya ya kama bayan kujerar ya mayar da ita tana kallon madubi. Ya duba: kai askakke. Ya juyo da ita: ga gashi. Ya sake mayarwa, ya sake juyowa. Auta yana zaune ana juya shi kamar kaya, yana ganin fuskar yayansa na zuwa tana wucewa, kuma duk zuwan da za ta yi ta fi na baya tsufa. Tausayi ya kama shi har ya ji kamar ya ce wasa ne, ya ɗauko tawul.

"Tun yaushe?" in ji Yaya a ƙarshe.

"Tun ranar da ka dawo."

"Tela?"

"Har da shi."

"Duk wanda ya zauna a nan?"

"Duka, Yaya."

"Amma da kai cikakke suke fita. Ina ganin su."

Auta ya nuna labulen. Yaya ya bi hannun da ido, ya rasa inda ya nufa, sai da ya juya jikinsa gaba ɗaya kafin ya samu labulen. Ya ja ƙafa ya shiga. Auta yana jin sa yana ɗaga tawul, yana jin ƙaramin injin ya kunnu ya mutu. Da ya fito yana riƙe da kwandon shara na lungun, cike da gashi, baƙi da furfura. Ya ajiye shi a tsakiyar shago.

"Wurin wanke kai," ya ce. "Ni kuwa ina ta mamaki, na ce tsafta ta sauko wa mutanen layin nan." Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. "Kun mai da ni yaron da ake ba wa wuƙar roba a ce yana taya aiki. Manya-manyan mutane suna zama suna yi mini tafi. Kai kuma, da na ɗora hannunka a kan inji, kai ne mai rufa tawul."

"Ka yi haƙuri, Yaya. Na ga kana murna ne, na kasa."

"Ka kasa. A kan askin nan na daina zuwa asibiti. A kan askin nan na ce wa matata matsoraciya, a gaban 'yarta."

Ya juya zai zauna, idonsa ya faɗa kan babur ɗin ta cikin gilashin ƙofa. Ya tsaya.

"Shi ma?"

"Shi ma. Madubin hagu ko taɓa shi ba ka yi ba."

Yaya ya nemi bencin masu jira ya zauna. Ya haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Auta ya ga leɓensa na motsi, ya gane hanya yake bi a zuciyarsa, daga ƙofar gida zuwa mararraba ta farko, zuwa ta biyu.

"Kwanar manyan motocin nan," Yaya ya ce a hankali. "Ta ina suke fitowa?"

"Ta hagu."

"Kuma Uwata tana bayana, ta riƙe mini riga."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Auta ya kau da kai ya kalli bango, domin akwai abin da ƙani ba ya kallo. Fanka na ta juyawa a sama. Wani ya zo ya taɓa ƙofa, ya ga sakata, ya wuce.

Da Yaya ya sauke hannu, aljihu ya laluba. Ya fito da makullin, ya miƙe ya ajiye shi a kan teburin Auta, kusa da almakashi.

"Litinin kai za ka kai ta. In ka sauke ta ka dawo ka kai ni wajen matar nan mai murafen kwalba. Ka gyara madubin babur ɗin kafin nan." Ya share hanci da bayan hannu. "Labulen nan kuma a cire shi. Wanda zai wanke kai ya wanke a gaban kowa."

"To, Yaya."

"Kada ka ce mini to. To ɗinka ce ta kawo mu nan. Gyara zama, ba za ka fita mini da rabin kai ba, mutane su ce shagon mahaukata ne."

Auta ya gyara zama, ya tokare ƙasa da ƙafafu don kujerar ta tsaya wa Yaya ya jingina. Injin ya kunnu. Wannan karon a hankali Yaya yake tafiya, ya aske kaɗan, ya tsaya, ya ce a juya, ya duba, ya sake. Zufa ta tsattsafo masa a goshi. Askin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, yau sai da inuwar ƙofa ta kai tsakiyar shago. Da ya kashe injin, bai kai hannu ga ƙyallen ba.

"Yanzu fa?" ya ce. "Na gama?"

Tun da Auta ya san shagon nan bai taɓa jin Yaya ya yi wa wani wannan tambayar ba. Ya zaro hannu daga ƙarƙashin ƙyalle ya shafa kansa, daga goshi zuwa ƙeya. Ko'ina fata, sai wani ɗan tsiri a bayan kunnen hagu, wanda bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ba mai lura da shi. Da reza ɗaya zai share shi in ya koma gida, kuma "ka gama" ta riga ta zo masa har bakin leɓe. Ya haɗiye ta.

"Saura kaɗan, Yaya. A bayan kunne."

"Ina?"

Auta ya kamo hannun da ke riƙe da injin, ya ɗora nasa a kai, ya ja shi a hankali har haƙoran suka sauka a kan gashin. Yaya bai janye hannunsa ba. Ya danna makunni da babban yatsa, suka ƙarasa wurin tare.